Ajin Nazare a Unguwannin Hausawan Legas: Manhaja Ɗaya, Koyarwa Iri-iri

Duk makarantar nazare da ke unguwannin Hausawa a Legas, Agege ce ko Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago, da wuya ka samu malamanta sun fito daga tushe ɗaya. Ga Bayarabiyar da ta tashi a Mushin ta yi NCE ɗinta, wato shaidar malanta, a kwalejin Ijanikin. Ga Bahaushiyar da aure ya kawo ta daga Kano ko Zariya, takardarta na ƙasan akwati sai da aka buɗe makaranta a layinsu. Ga malamin Islamiyya da ke shigowa da safe ya biya wa yara karatu ya wuce. Wani wurin har da 'yar Ibo ko 'yar Edo. Mai makaranta ya raba musu manhaja iri ɗaya, ya manna jadawali a bango, ya ɗauka ya gama. In ka leƙa azuzuwan bayan mako uku, sai ka rantse makarantu uku ne suka haɗa haya a gida ɗaya.

Sau da yawa su kansu malaman ba su san sun bambanta ba. A sakandare darasi ne ke jan malami, lissafi lissafi ne ko a ina aka haife ka. A nazare kuwa fiye da rabin aikin tarbiyya ce: yadda yaro zai zauna, yadda zai gaida babba, yaushe zai buɗe baki, da wane hannu zai karɓi abu, me ake kira ƙiwa, me ake kira kunya. Waɗannan ba a kwaleji malama ta koye su ba. A gaban uwarta da kakarta ta koye su, kuma da idonsu take karanta duk takardar da aka miƙa mata.

Ita takardar ba ta da yawan magana. Kundin manufofin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta gyara shi har zuwa bugun 2013, ya ware shekara guda ta share fagen firamare ga ɗan shekara 5, ya ce wasa ne babbar hanyar koyar da ƙananan yara, ya ƙayyade malama ɗaya ga yara 25 a nazare, ɗaya ga 10 a ɗakin renon jarirai. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke tsara manhajar. Sai dai a Legas makarantun kuɗi ne suka fi yawa. Ƙidayar da aka yi a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ta gano sama da 12,000 a jihar, mafi yawansu a lokacin gwamnati ba ta amince da su ba tukuna. A irin wannan makaranta mai ɗaki huɗu ko biyar, abin da malama ta yi imani da shi, shi ne manhajar gaskiya.

Tarihi biyu ne suka haɗu a nan. 'Yan mishan sun buɗe makaranta a Badagry tun cikin shekarun 1840, CMS Grammar School ta buɗe a Legas a 1859. Musulmin Yarbawa da suka ga 'ya'yansu za su rasa boko ko su rasa addini suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a 1923, suka gina nasu makarantun. Awolowo ya kawo firamare kyauta a tsohuwar Jihar Yamma a 1955, Gwamna Jakande ya cika Legas da azuzuwa daga 1979. Malamar da ta tashi a wannan gida, mai yiwuwa kakarta ma ta riƙe fensir. A wurinta makaranta wurin rubutu ce, da cin jarrabawa, da wuce sa'a. A Arewa makarantar Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, da ke Nasarawar Kano sai a 1909 aka buɗe ta, kuma boko bai ratsa ƙauyuka sosai ba sai da shirin firamare ga kowa, UPE, na 1976. Amma makarantar allo ta riga shi da ɗaruruwan shekaru, ita ce kuma ta koya wa Bahaushe abin da ake nufi da karatun ƙaramin yaro: ya zauna gaban malam, ya ji, ya maimaita, ya haddace, ya yi ladabi.

Ko a kan shekarun shiga ba a daidaita ba. Uwar da ke fita kasuwa ko ofis da asuba tana buƙatar inda za ta ajiye ɗanta, shi ya sa a Legas ake kai jariri ɗan wata uku ko shida gidan reno, kafin ya kai shekara 4 ya riga ya yi shekara biyu ko uku yana zaman aji. A gidajenmu da yawa uwa na gida, ga goggo ga yayye, ba wanda ke gaggawa. Dā ma ma'aunin gargajiya shi ne in yaro ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma, to ya isa allo. Sai a kawo ɗan shekara 5 wanda bai taɓa riƙe fensir ba, a haɗa shi da sa'anninsa da suka cika littattafai. Malamar da ba ta san wannan ba za ta ce yaron daƙiƙi ne, ta nemi a mayar da shi ajin 'yan shekara 3. Kada a yi haka. A bar shi cikin sa'anninsa, a ware masa minti 15 kullum na aikin hannu shi da irinsa. Yaron da ya kai shekara 5 yatsunsa sun yi ƙwari, cikin zango ɗaya ko biyu yakan cim ma na gabansa.

Rubutu da hadda

A nan ne aka fi samun saɓani, kuma a nan ne kowane ɓangare ke da rabin gaskiya.

Al'adar nazaren Legas tana gaggawar rubutu. Ɗan shekara 3 ana so ya rubuta 1 zuwa 50, ɗan shekara 4 ya kai 200 ko fiye, ga aikin gida shafi biyu kullum. Iyaye ma sun saba auna makaranta da yawan jan biro a littafi. Matsalar ita ce hannun yaro yana da nasa tsarin da ba ya jin umarni. Yawancin yara suna iya kwaikwayon layi a tsaye wajen shekara 2, da'ira wajen shekara 3, gicciye da murabba'i wajen shekara 4, layi a karkace wajen 4 da rabi, alwatika sai wajen shekara 5. Duba lambobin 4 da 7, da haruffan k, w, x, z, duk layi a karkace ne. In aka tilasta wa ɗan shekara 3 rubuta su, abu uku ke faruwa. Ya dunƙule fensir a tafin hannu ya saba da haka, gyaransa daga baya wahala ne. Malama ta riƙe hannunsa ta rubuta, littafi ya yi kyau alhali bai koyi komai ba. Aikin gida kuma yayarsa ce ke yi.

Makarantar allo ba ta wannan gaggawa. Ƙolo yana fara Fatiha da ƙananan surori da ka. Sannan malam ya rubuta masa babbaƙu a allo, ya riƙa bi da yatsa yana faɗa, alu, ambaki, wau, zal. Sannan farfaru, sannan haɗa baƙi. Sai ya yi nisa kafin a ba shi alƙalami da tawada ya rubuta da kansa. Wato kunne ne farko, sai ido, hannu daga ƙarshe. Malamar da ta tashi da wannan tana da haƙuri da hannun yaro, kuma a nan ita ke da gaskiya. Kafin shekara 4, abin da hannu ke buƙata shi ne murza yumɓu, zura zare cikin yankakken bututun shan lemo, tsintar wake da yatsa biyu, yaga takarda, zane da yatsa cikin faranti mai yashi, da guntun alli a ƙaramin allo. Guntu, don gajeren alli ba ya dunƙuluwa a tafi, dole yaro ya kama shi da yatsu uku.

Inda ita kuma take zamewa shi ne ɗaukar hanyar hadda ta kai ta inda ba ta aiki. Hadda tana da kyau ga sura, ga addu'a, ga waƙa, ga kwanakin mako. Yaran da suka saba da ita suna da kunne mai kaifi da juriyar maimaici, abin da 'yan manhajar Turawa ke rainawa ba gaira ba dalili. Amma ƙirga ba sura ba ce. Ajin da ke rera ɗaya zuwa ɗari da murya ɗaya har maƙwabta su ji, a gwada su ɗaya bayan ɗaya: a zube murfin kwalba goma a tabarma a ce, "Abba, ba ni biyar." Da yawa za su damƙo cikin hannu su miƙo. Wasu za su ƙirga bakinsu na gudu yatsansu na baya. Yaro bai san biyar ba sai ya taɓa kowane murfi sau ɗaya, ya tsaya a na biyar, ya kuma san cewa kalmar ƙarshe ita ce adadin duka. Ɗan shekara 3 in ya mallaki 1 zuwa 5 a haka ya yi ƙoƙari, ɗan shekara 4 zuwa 10, ɗan share fage zuwa 20 tare da ƙari da ragi da abubuwa a hannu. Kowane yaro ya samu nasa murafu goma a ƙaramin gwangwani. Ga 'yan ƙasa da shekara 3 a yi amfani da manyan abubuwa, don duk abin da ya shige baki haɗari ne.

Wani abin lura: malaman Yarbawa kan tsallaka zuwa ƙirgan Turanci tun ranar farko, kuma suna da dalili. Ƙirgan Yarabanci a kan ashirin-ashirin yake, daga 15 zuwa 19 ragewa ake yi daga 20, abin da ke da nauyi ga ƙaramin yaro. Hausa ba ta da wannan nauyin. Goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta tana nuna wa yaro goma ne da ƙari, abin da ƙirgan Turanci ma ke ɓoyewa a 11 da 12. Asara ce a hana Bahaushen yaro ƙirga da harshensa saboda wahalar da ke cikin wani harshen daban.

Yaron da ba ya magana

"Wannan yaron ba ya magana, ko kurma ne?" Duk wanda ya riƙe makaranta a unguwannin nan ya ji wannan daga bakin sabuwar malama. Uwar kuma in aka kira ta sai ta riƙe haɓa: "Malama, wannan da ke hana mu barci da surutu?"

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, ƙaramin yaron da aka tsoma cikin harshen da bai sani ba yakan yi shiru na makonni, wani har watanni, yana saurare yana tarawa. Wannan sananne ne a ko'ina cikin duniya, ba ciwo ba ne. Na biyu tarbiyya ce. An koya masa babba na magana ba a sa baki, ba a ƙura wa babba ido, amsar kirki ita ce "to" da sunkuyar da kai. Su ma Yarbawa ba sa son yaro ya zuba wa babba ido, amma rayuwar Legas ta koya wa malamansu cewa yaron da bai iya buɗe baki ba za a take shi, don haka suna yaba mai ɗaga hannu, mai fitowa gaban aji. Malamar Arewa kuma takan yaba shirun, ta rubuta "yana da natsuwa" a katin sakamako, ta bar shi a lungu har zango ya ƙare ba ta taɓa jin jimla guda daga bakinsa ba. A nan malamar Legas ce ke da gaskiya a kan manufa, ko da hanyarta ta tsayar da yaro gaban mutum 25 a ce ya yi magana ba ta haifar da komai sai hawaye.

Abin da ke aiki shi ne a rage taron. A zauna a tabarma da yara huɗu ko biyar, malama a gefensu, duka ido na kan abu guda, hoto ko 'yar tsana ko kwano. A fara da tambayar da ake amsawa da nuni, sannan mai zaɓi biyu, "ja ne ko baƙi?", sannan buɗaɗɗiya. In an yi tambaya a jira daƙiƙa biyar cur kafin a wuce, yawancin malamai ba sa jira ko biyu. Kacici-kacici ma babbar dabara ce, domin a al'adarmu fili ne da aka yarje wa yaro ya mayar wa babba magana. Wanda za a damu da shi shi ne yaron da ko a gida da harshensu ba ya haɗa kalmomi uku yana ɗan shekara 3, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya. Wannan a gaya wa iyaye su kai shi asibiti a duba kunnensa.

A duba rajista ma. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, a gida Abba ne ko Baffa ko Halifa, yarinya Ummi ko Mama, uwar ba ta ma iya faɗin sunan yankan don kara. Malama ta yi ta kiran Muhammadu Sani, yaro na kallon bango, bai san da shi ake ba. A fom ɗin shiga a sa gurbi biyu, sunan yanka da sunan da ake kiransa. Haka in an tambayi yaro sunan mahaifinsa ya noƙe, ba rashin sani ba ne.

Gaisuwa kuma a yanke hukuncinta tun kafin a buɗe zango. Bayarabiyar malama ta saba namiji ya kwanta rub da ciki, mace ta durƙusa gwiwa biyu, in ba ta gani ba sai ta ji an raina ta. Iyaye da yawa a cikinmu ba za su lamunci ɗansu ya kwanta wa mutum ba, suna ganin ya yi kama da sujada, wasu ko rusunawa ba sa so. Mai makaranta ya zaɓi siga ɗaya, misali sallama a tsaye da sassauta murya da karɓar abu da hannun dama, ya bayyana wa malamai da iyaye dalili. A kan bahago kuwa al'adun biyu bakinsu ɗaya, duka suna tilasta dama. Ci da karɓa da dama, wannan ladabi ne da za a koya masa a hankali. Fensir a bar masa a hagunsa, a zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Harshe

Bugun 2013 na kundin manufofin ilimi ya ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A Agege wanne ke nan? Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a 2022 da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare shida, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, a koma Turanci. Legas tana da dokarta ta 2018 da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Iyaye kuwa Turanci suka biya kuɗi a koya. Sai ka ji uba ya ce, "Malama, in Hausa ce ai muna da ita a gida."

Hujjar ilimi a fili take, kuma daga ƙasar Yarbawa ta fito. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Duk da haka ba na ba mai makaranta a Legas shawarar ya mayar da nazarensa Hausa zalla. Yaran nan a Legas za su shiga firamare, da Turanci za a yi musu jarrabawa, a layi kuma Yarabanci da buroka za su ji. Ba ma duka ne Hausa ke harshen gidansu ba. Akwai Barebari, Fulani, Zabarmawa da Buzaye da duk ake kira Hausawa a nan, akwai kuma jikokin Agege da Yarabanci ya fi zama a bakinsu. Abin da ya kamata shi ne kowane aji na 'yan shekara 3 da 4 ya kasance da babba ɗaya mai jin Hausa, ko da mai reno ce. Sabon abu a fara bayyana shi da harshen da yaro ke ji, sannan a ba shi sunansa na Turanci, a maimaita. Tatsuniya a yi ta da Hausa daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", washegari a sake ta da Turanci mai sauƙi da hotuna. Ranar darasin Yarabanci kunkurun tatsuniyarsu ya zo ya gamu da Gizo. Malamar da ba ta jin Hausa kuma a rubuta mata kalmomi kamar ashirin ta haddace a makon farko: fitsari, kashi, ruwa, yunwa, ciwo, zafi, ya doke ni, ina son Umma. Yawancin yaran da ke jiƙa wando a makon farko sun faɗa, ba a gane ba ne. Kuma a ajiye buta a bayi, yaron da aka saba yi wa tsarki da ruwa zai riƙe bayan gida har a tashi in takarda kawai ya gani. Tarar "an kama ka kana yaren gida" kuwa, a nazare zalunci ne.

Koyar da sautin haruffa yana da nasa tarkon. Tsarin Jolly Phonics da makarantu da yawa ke bi yana da sauti 42, rukunin farko s, a, t, i, p, n. Wato p na zuwa tun makon farko, ga yaron da harshensa bai raba p da f ba. A riƙe siririyar takarda gaban leɓe: a p leɓɓa na rufewa su fashe, takarda ta yi tsalle sau ɗaya, a f haƙoran sama na kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. Ƙaramin madubi na taimakawa. In malamar Bahaushiya ce, ta fara gwada kanta. Bayarabiya kuma nata raunin daban ne, harshenta ba shi da z da v da sautin c na "ci", h ma takan sulluɓe mata. Bahaushen yaro ya zo da z da c da h lafiyayyu daga gida, sai ya zubar da su don kwaikwayon malama. Maganin mai sauƙi ne, malaman biyu su riƙa musayar aji na minti goma a ranakun waɗannan sautuka.

Sai babban abin da kusan ba a kula da shi. Yaro ɗaya yana koyon rubutun da ke tafiya daga hagu da safe, da mai tafiya daga dama da yamma. Juya b da d, ko rubuta suna daga ƙarshe, abu ne da ƙananan yara ke yi ko'ina, amma a nan yana iya daɗewa. A sa koren ɗigo a gefen da ake farawa a kowane allo da littafi, kuma kada a jera darasin baƙaƙen Larabci da na boko a sa'a guda, a raba su da hutu. A kuma tambayi iyaye ko yaron na zuwa allo. Allo da ruwayar Warshu da rubutun Magribi yake, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Littafin Islamiyya na Hafsu ne, inda mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Harafi guda, malamin safe ya ce fa, na dare ya ce ƙaf, kowanne kuma yana ganin yaron ne ba ya mai da hankali.

Wasa, bulala da jadawali

Manhaja ta ce wasa, malamai daga ɓangarorin biyu suna jin kunyar a same su suna yi, don iyaye za su ce ba a karatu. Wasu kuma sun ɗauka wasa sai da kayan koyo na katako masu tsada irin na tsarin Montessori. Carafke ƙirga ce da saitin ido da hannu. Langa daidaiton jiki ce. Gaɗa kari ce da jeranta kalmomi, kuma tafi kawai take buƙata, ta kauce wa rigimar iyayen da ba sa son kiɗa. Yarbawa suna da nasu wasannin, suwe da ten-ten. Uban da ya yi ƙorafin 'yar tsana a tuna masa cewa ya tabbata a Bukhari Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki na minti 180 a yini da barcin awa 10 zuwa 13. Yaron da ke ɗaki ɗaya da iyayensa a gidan haya, ya yi boko, ya yi lesin, ya yi Islamiyya daga 4 zuwa 6, a ina zai samu?

A kan duka ba sai an daɗe ba. Can Arewa ana cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci, nan Legas ga sandar duka da ake kira pankere da durƙuso hannu a sama. Gwamnatin Legas ta hana duka a makarantu, kuma izinin uba ba ya kare malama in magana ta kai hukuma. Yawancin abin da ake dukan ɗan shekara 3 a kai, zaman minti 40 ne da aka ɗora masa alhali ƙarfinsa 10 zuwa 15 ne.

Jadawalin da ke zama lafiya da al'adun biyu kusan haka yake. Daga 8:00 sallama, addu'a da hira na minti 15. Alƙur'ani da ka na minti 20, tun kai na sanyi. Aikin hannu da ƙirga a rukuni-rukuni zuwa 9:30, kowane rukuni minti 12 a juya. Wanke hannu da ci, sannan wasan waje na minti 40. Sautin haruffa minti 15, tatsuniya minti 20, sai kwanciya ga ƙanana. 'Yan shekara 3 su tashi 12:30. Aikin gida na rubutu babu shi kafin ajin share fage, a can ma layi uku ya isa. A madadinsa a ba da aikin baki: ka ƙirgo mana ƙofofin gidanku, ki tambayo Inna tatsuniya ɗaya. Wannan ko uwar da ba ta yi boko ba za ta iya taya ɗanta.

Iyaye za su tambayi ina jan biron. A kira su sau ɗaya a zango, iyaye mata daban a lokacin da ya dace da su, don mazan suna kasuwa, kuma wasu matan ba za su yi magana a gaban maza ba. A zube murafun kwalba a gabansu, kowane yaro ya nuna abin da ya iya. Katin sakamako ya bar zancen na ɗaya da na ashirin, ya faɗi abin da ake gani: yana ƙirga abu takwas daidai, ya haddace sura huɗu, yana faɗin buƙatarsa da Turanci. A kuma sa kalandar Musulunci kusa da ta gwamnati lokacin tsara zango. Gab da babbar Sallah gidajen masu harkar dabbobi a Alaba Rago da Oko-Oba ba su da lokacin kansu, bayanta kuma iyalai da yawa sukan tafi gida Arewa su yi mako uku ko huɗu. Sabon sauti ko sabuwar lamba kada a sa su a waɗannan makonni, a bar su na bita, a kuma ajiye mako guda na maimaici bayan an dawo.